Wa Zai Kwana a Ciki?

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa aikin Anti Memuna ai ba aiki ba ne, wai mutum yana kishingiɗe a kujera zai danna waya sau biyar ya sayi inshora. To, madalla. Ni ma ina da wayar, kuma tawa ta fi taku tsada. Amma shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da inshora a garin nan na Greensboro, har yau ban ga wayar da ta taɓa durƙusawa ta leƙa ƙarƙashin tirela ba.

Tirelar kwana nake nufi, ba irin ta dakon kaya da iyayenku suka sani a hanyar Kumasi ba. Ita wannan ɗaki ce mai tayoyi, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura ta a bayan mota a ja. Mutanen ƙasar nan suna sayenta don su je bakin teku ko kan duwatsu su yi kwana uku su dawo. Mu kuwa 'yan zangon Kumasi, da 'yan'uwanmu na Nijar, muna sayenta don dalilanmu na daban, kuma duk rigimar sana'ata daga nan take tasowa.

Makon jiya wani direban babbar mota, Malam Sule, ya kira ni daga Pleasant Garden, wani ɗan gari kusa da nan. Ya sayi tirela ta hannu, ya ce in turo masa farashi ta waya kawai, kada in wahalar da kaina. Na ce wahalar tawa ce, ba tasa ba. Na ɗauki jakata na tafi. Ba wani abin a zo a gani a jakar: takalmin roba, tocila, sukundireba mai dogon baki, tef ɗin awo, da littafi mai baƙin bango. Na fara da lambar jikin tirelar, na karanta ta da idona na gwada da wadda ke takarda, don na taɓa ganin inda takarda daban, tirela daban. Na sa aka kawo tsani na hau na duba rufi, wurin da aka liƙe gefen tagar sama. Na shiga ciki na danna sukundireba a kusurwar ƙasa kusa da ƙofa, sai ya nutse kamar a malmalar tuwo.

Na ce, "Malam Sule, ruwa ya daɗe yana shigar maka nan. Ka sani tun yau, inshora ba ta biyan yoyon da ya shekara yana cin katako, kuma da wuya ta biya ɓarnar ɓera. In itace ya faɗo mata, ko ƙanƙara ta farfasa ta, ko wuta, ko ɓarawo, wannan ana magana."

Ya ɓata rai, sai ka ce ni na huda masa rufin. Ban kula shi ba, na ɗaga labulen gado. Kwalaye ne jibge har sama, takalma da jakunkuna.

"Waɗannan fa?"

"Kayan da zan aika gida ne, Anti. Kwantena nake jira."

"Na tsaraba ko na sayarwa?"

Ya sosa ƙeya. Ei! Da ta waya ya saya, da wa zai ɗaga wannan labule? Da ya biya kuɗinsa wata da watanni yana barci da minshari, ranar da ɓarawo ya zo a ce masa kayan kasuwa ba sa cikin yarjejeniya.

Ga abin da kuke ganin mai sauƙi. Lokacin da kake jan tirela a kan titi, in ta bugi wani, yawanci inshorar motar da ke ja ce take ɗauka. Amma ita tirelar kanta, in ta kife ko ta ƙone, sai in tana da tata. Tata ɗin ma iri-iri ce. Akwai wadda za a biya ka darajar tirelar a ranar da ta lalace, bayan an cire tsufa da ƙarewa, ka karɓi abin da ba zai sayo maka rabinta ba. Akwai wadda kuka yi jinga tun farko, ka san abin da za ka karɓa. Kayan da ke ciki ma da iyakarsu, ba a cika tirela da zinaren aure a ce takardar gado da kujera za ta biya. Duk waɗannan ƙanana ne. Babbar ita ce wannan: akwai inshorar tirelar hutu, wadda ake kwana cikinta jefi-jefi, akwai kuma ta tirelar da ta zama gida, mutane na zaune ciki rani da damina. Ta farko ta fi araha nesa ba kusa ba. Araha kuwa ba ta ado.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta koya mini aikin, Mis Dot, mai ɗan ofis kusa da unguwar Glenwood, tsakanin shagon wanki da na aski. Shara da goge-goge nake mata da yamma. Wata rana wani mutumin Nijar ya shigo, Turanci ya ƙi shi, Faransanci ya ƙi ta, na jingine tsintsiya na yi musu tafinta. Da ya fita ta dube ni ta saman tabarau ta ce in je in ɗauki jarrabawar lasisi. Na faɗi a karon farko, na ci a na biyu. Na zo da takardata ina taƙama, ta karɓa ta jefa a durowa, ta miƙo mini wata yarjejeniyar inshora mai kauri ta ce in karanta mata da ƙarfi. Na buɗe shafin farko, ta buge mini hannu. Ta ce daga baya ake farawa, inda suka rubuta abin da ba za su biya ba. Wata uku ina karatun nan, ba ta bar ni na sayar wa kowa ko da inshorar keke ba.

Dokokinta biyu ne. Ba a rubuta wa abin da ido bai gani ba. Sannan duk mai tirela sai ya amsa tambaya uku da bakinsa: ina za ta tsaya, wa zai ja ta, wa zai kwana a ciki. Ta ce, "Ko mahaifinki ne, Memuna, ki tambaye shi." Na yi dariya a raina. Na ce wannan baiwar Allah ba ta san mene ne tambayar babba a wurinmu ba.

Don mutanenmu ba a sayar musu da inshora yadda ake sayar wa kowa. Ka ce wa Ba'amurke, in wuta ta tashi fa, sai ya gyaɗa kai ya ɗauko biro. Ka faɗa wa Hajiyar zango haka, sai ta zabura ta ce, "A'uzubillahi! Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Shi ke nan, zance ya mutu. Sai na koyi zagaye-zagaye. In fara da "Allah ya kiyaye," in rufe da "Allah ya tsare," in cusa tambayata a tsakiya. Wasu su ce ai Allah ne mai tsaro, in ce ƙwarai kuwa, amma na ga kin kulle motarki kafin ki shigo. Da haka na tara kwastomomi, har Mis Dot ta ba ni teburina a gefen taga. Na fara jin kaina ya yi girma. A lokacin ne Alhaji Issaka ya aiko a kira ni.

Ku kun san shi yanzu da sanda da farin gemu, amma ba ku san ko wane ne shi a wurinmu ba. A zangon Kumasi akwai mutumin da in baƙo ya sauka daga mota ba shi da kowa, gidansa ake nuna masa. Mahaifin Alhaji irin wannan maigidan ne, shi kuma ya ɗauko halin ya tsallako teku da shi ya dire a McLeansville, nan bayan gari. Ni kaina da jaka ɗaya na sauka a ƙasar nan, a falonsa na yi ta kwana. Matarsa Hajiya ta ba ni rigar sanyina ta farko. Shi ya samo mini aikin shara, shi ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Baba nake ce masa, shi kuma 'yata yake ce mini. An ce baƙo raɓa ne, to baƙon Alhaji damina ne. Da falo ya cika, da ɗakin yara ya cika, sai ya sayi tirela ya kafa ta a bayan gida. Ɗansa Abdul ne ya matsa masa sai an yi mata inshora.

Ranar Asabar ce bayan azahar. Dattawa suna zaune da shi a inuwar babban itacen tsakar gida. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Daga inda nake durƙushe ina hango tirelar. Wayar wuta ta fito daga tagar kicin ta shige ta. Tiyon ruwa na biye. A bakin ƙofa buta, da takalma ƙafa uku, na namiji, na mace, da wani ɗan ƙarami ja. A igiya kayan yarinya ne ke shanye. Wallahi duk na gani. Makaho ma zai laluba ya san akwai masu zama a wurin.

Alhaji ya ce, "'Yata, ki yi mini mai sauƙin nan, don dai a ce da takarda. Allah ne mai tsaro."

Na ce, "To, Baba."

Ban zuge jakata ba. A fom ɗin akwai layi ɗaya da ke tambaya ko ana zaune a tirelar a matsayin gida. Na kai kan layin, na ɗaga ido na ga dattawa biyar suna kallona, na ga mutumin da ya ciyar da ni bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce masa su wa ka ajiye, wata nawa za su yi? Kunya ta kama ni. Na sa alama a kan "a'a," ban karanta masa layin ba. Na miƙa masa, ya karɓi biro ya ce, "Abin da 'yata ta rubuta ai ba sai na karanta ba." Ya sa hannu, aka shafa fatiha, Hajiya ta cika mini kwano da wake da shinkafa na tafi gida.

Masu takalman nan Hamidu ne, mutumin Damagaram mai aiki a wani sito, da matarsa Hadiza, da 'yarsu 'yar shekara biyu. Da sanyi ya shigo, wata rana da hantsi, Hamidu yana wurin aiki, Hadiza ta bar yarinyar tana barci ta shiga babban gida taya Hajiya girki. Ta bar hitar ɗumama ɗaki a kunne kusa da labule. Ta taga ta hango hayaƙi. Ta fita da gudu ta faɗa cikin tirelar ta sungumo 'yarta. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma hannun Hadiza na dama ya ƙone daga yatsu har gwiwar hannu. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, babu abin da ya rage sai ƙarfen ƙasa da tayoyi suna narkewa. Fasfo, takardu, keken ɗinkinta, duk sun tafi.

Kamfanin inshora ya turo mai bincike, wani saurayi mai ladabi. Ina tsaye ya tambayi Alhaji tun yaushe mutanen suke ciki. Alhaji ya gyara tsayuwa, don abin alfahari ne a wurinsa, ya ce, "Tun kafin azumi suke nan. Kafin su ma akwai wasu. Ɗakin nan bai taɓa kwana babu kowa ba." Saurayin ya rubuta. Ya buɗe fom, ya dubi layin nan, ya dube ni. Bayan mako uku wasiƙa ta zo: ba kuɗin tirela, ba na asibitin Hadiza, domin an ce tirelar hutu ce alhali gida ce.

Dattawa uku suka same ni a ofis, ɗayansu, Malam Tanko, shi ne mai magana. Sun zo da dabara a shirye. In rubuta wa kamfani cewa tsoho bai ji Turancin da kyau ba, cewa baƙin kwana uku kacal suka yi kafin gobara. Ya ce, "Ke kika san bakin mutanen nan. Layi biyu ne kawai, kowa ya huta."

Na ce, "Malam, ƙarya ɗaya na yi a takardar nan, ga hannun Hadiza can a asibiti. Ba zan ƙara ta biyu ba."

"Mutumin da ya ba ki wurin kwana? Ashe butulu ce ke!"

"Ku kira ni duk abin da kuka ga dama. In suka gano, kuma za su gano, Baba ne zai tsaya gaban alƙali da sunan zamba, ba ku ba. Ba da hannuna ba."

Suka kaɗe riguna suka fita, ko sallama babu. Haushin kaina ya kama ni. Na juya na zayyana wa Mis Dot komai, har ɗan jan takalmin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce akwai inshorar da mu masu sayarwa muke riƙewa saboda kuskurenmu, za ta iya ɗaukar wani abu. Amma sai na rubuta da hannuna cewa na ga alamun ana zaune a ciki, ban tambaya ba, na cika da kaina. Ta ce ina iya rasa lasisina a kan haka. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na zauna a teburina na gefen taga na rubuta, na sa hannu. Daga nan na wuce asibiti na gaya wa Hadiza da bakina cewa ran nan na ga takalmin 'yarta a bakin ƙofa na yi shiru. Ta juya fuskarta bango. Tana da gaskiya.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kamfanin ya yanke hulɗa da ni, aka dakatar da ni daga aiki ana bincike. Na koma shara da goge-goge, lasisina yana cikin jaka tare da safar hannu. A ƙarshe an biya asibitin Hadiza, an biya wani ɓangare na tirelar, an mayar mini da izinin aiki da gargaɗi mai zafi. Amma wannan labarin bai zaga gari ba. Wanda ya zaga shi ne Memuna ta sayar wa Alhaji takardar banza, da asirinta ya tonu kuma ta ƙi taimaka masa. Kwastomomina suka watse. In na shiga gidan suna, mata su muskuta su bar mini fili. Na kai tukunyar wake da shinkafa wani biki, aka dawo mini da ita ko murfi ba a ɗaga ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban fasa zuwa ba. Duk suna, duk biki, duk zaman makoki, sai na ɗaura ɗankwalina na je na zauna a sahun gaba. Laifin da na yi na amsa shi, wanda ban yi ba kuwa ba mai ɗora mini. In na durƙusa na gai da Alhaji, sai ya ce, "Lafiya," ya kawar da kai. Bai sake ce mini 'yata ba.

Da na dawo aiki sai na dawo da wani hali. Na daina zagaye-zagaye. Har laƙabi aka sa mini, Memuna Mai Tambaya. Wani Alhaji ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da zan titsiye shi, na rufe littafina na ce Allah ya ba mu alheri. Wata Hajiya da ke soya ƙosai a tirelarta tana kaiwa shaguna ta rantse mini ruwan shayi kawai take dafawa, na shafa bangon kicin ɗin da yatsa na nuna mata man da ya fito. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wasu sun tafi wurin masu sauƙin kai, wasu sun tafi wurin waya irin taku. Waɗanda suka tsaya kuwa, babu wanda wasiƙar ƙin biya ta taɓa zuwa gidansa da sa hannuna a ƙasa.

Shekara huɗu bayan gobara Abdul ya kira ni. Ya ce Baba ya sake sayen tirela, don baƙi ba su daina sauka ba, shi ma bai daina karɓa ba. Ya ce, "Anti, ni da ta waya zan yi, har na fara dannawa. Hadiza ce ta karɓe wayar daga hannuna ta ce a kira ki." A lokacin su Hadiza sun kama gidansu a Glenwood, ta koma ɗinki, amma duk Asabar tana zuwa taya Hajiya girki. Na ce masa ya fara zuwa hukuma ya ji ka'idar ajiye mutane a tirela a filin gida, wannan ba hurumina ba ne. Ya je ya daidaita, sannan na sa rana.

Asabar ce kuma, inuwar nan dai, dattawan nan dai, har da Malam Tanko. Na durƙusa na gaishe su. Sannan a gabansu na zuge jakata, na cire takalmina na sa na roba. Na karanta lamba. Na hau tsani da shekaruna. Na danna kowace kusurwa, na leƙa ƙarƙashi, na duba tukunyar gas da ƙararrawar hayaƙi. Na dawo na zauna a ƙasan kujerar Alhaji na buɗe littafi.

"Baba, ina za ta tsaya?"

"Inda kika gan ta."

"Wa zai ja ta?"

"Ba mai jan ta."

"Wa zai kwana a ciki? Su nawa ne, kuma wata nawa a shekara?"

Alhaji ya ajiye carbinsa a cinya. Ya ce, "Memuna, a gaban mutane za ki tuhume ni a kan baƙina?"

"Tambaya ce, Baba. Sai ka amsa zan rubuta."

Muryarsa ta tashi. "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ƙidaya wa baƙo kwana ba! Ubana bai yi ba a Kumasi, ni ba zan fara a ƙasar wasu ba. Ke da kanki, wata nawa kika yi a falona? Na taɓa tambayarki?"

Na ce, "Wata goma sha ɗaya da kwana shida, Baba."

Ya tsaya yana kallona.

Na ce, "Kai ba ka ƙidaya ba, Allah ya saka maka da Aljanna. Ni na ƙidaya. Kowace safiya da nake naɗe bargona kafin yaranka su fito, sai na ƙara ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan nan ya san nasa, ka tambaye su. Ban ce ka canja halinka ba. Kai ka ci gaba da buɗe ƙofa, ƙidaya aikina ce. Na ji kunyarka sau ɗaya, wata ta biya da hannunta. In ba ka amsa ba, biron nan ba zai taɓa takardar nan ba."

Na rufe littafin. Malam Tanko ya fara cewa, "Kai, yaran zamani," sai ga Hadiza ta fito daga kicin da tiren shayi. Ta zo ta sunkuya ta ajiye a gaban Alhaji. Kullum mayafinta yana rufe da hannun nan, ran nan ba ta rufe ba. Fatar ta tattare ta yi fari-fari, yatsu biyu ba sa miƙewa. Da hannun ta ɗauki kofi ta miƙa masa, ba ta saki ba sai da ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Baba, ka amsa mata."

Ya daɗe yana kallon hannun. Ya karɓi kofin ya ajiye bai sha ba. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Buɗe littafinki. Rubuta mutum uku yanzu, wani yaro daga Tamale da matarsa da ƙanwarta. In sun tafi wasu za su zo. Rubuta kullum."

Na rubuta. Na cika fom ɗin tirelar zama, mai ɗaukar raunin wanda ya ji ciwo a ciki, mai ba da wurin kwana in ta lalace. Na faɗi kuɗin, ya fi na da nesa, Malam Tanko ya yi salati, Alhaji bai ko ƙifta ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in sa hannu. Abin da 'yata ta rubuta ai ba sai na karanta ba."

Shekara huɗu rabon da in ji kalmar nan daga bakinsa. Idona ya cika, na ji daɗi har cikin ƙashina. Amma na janye biron na riƙe shi a ƙirjina.

Na ce, "A'a, Baba. Sai na karanta maka."

Na fara daga baya, inda suka rubuta abin da ba za su biya ba, ina mayar masa da Hausa layi bayan layi. Shayi ya huce, dattawa suka yi ta gyangyaɗi, shi kuwa yana zaune yana saurare, wani wurin har ya ce in maimaita. Sai da aka kira la'asar na ba shi biron.

To, ku ɗauki wayoyinku. Duk ranar da kuka sami wadda za ta iya hana Alhaji Issaka biro, ku kawo mini, ni zan fara saye.